Shekarar da Aka Ɗora Salatin Habboba a Mizani

Usmanu da Nafisa, 'yan'uwana, da ku nake. Tun da duk ranar da na buɗe baki zan yi bayani sai ɗayanku ya fashe da dariya, ɗayan ya ruga waje yana waƙa, na yanke shawarar in rubuta, don takarda ba a katse mata magana. Shekarata goma sha bakwai, amma takaicin da na ƙunsa a gidan nan ya kai na mai saba'in, saboda haka kada wani ya ce ban isa rubuta tarihin rayuwata ba. Zan tsallake haihuwata, tun da ban tuna komai a ciki ba. Zan tsallake makaranta, tun da malamaina sun fi ni son a manta. Abu ɗaya nake so in gyara: sunan nan da kuka liƙa mini, Ɓarauniyar Tsakuwa, wanda yanzu har mai jakin ruwa ya haddace. Eh, na ɗebi tsakuwa. Eh, an kore ni daga aiki. Amma yadda Inna take ba da labarin, sai mutum ya rantse wayar gari kawai na yi na ga duwatsu sun ba ni sha'awa. Ga yadda abin ya faru, kuma wanda ya yi dariya kafin ya kai ƙarshe, Allah ya haɗa shi da dutse a cikin alewa.

A shekarar da makarantu suka daɗe a rufe ne. Inna ta gaji da ganina ina zaga gidajen unguwa kamar kazar da ta rasa wurin saka ƙwai, ta ce in riƙa bin Habboba wurin aiki. Habboba Amna, kakarmu ta wajen uwa, tana tsintar riɗi a wani sito bayan kasuwar amfanin gona ta Gadarif tun Inna tana yarinya. Bari in faɗa muku yadda aikin yake, ku da ba ku taɓa ɗaga abin da ya fi cokali nauyi ba. Motoci su kawo riɗi daga gonaki, inji ya tankaɗe shi, ya fitar da kara da ƙura. Amma akwai wata shaiɗaniyar tsakuwa, daidai girman ƙwayar riɗin ko ta ɗara kaɗan, wadda take bi ta rariyar inji ta wuce tana dariya. Masu yin alewa ba sa son ganinta, don haka ake zuba mata wajen ashirin a ƙarƙashin rakuba, rumfar nan ta zana, kowace da faifai a cinya, a bakace, a baza, a tsince, tun hantsi har la'asar. A rana ta farko na tsufa da shekara biyu. A ta uku, duk fuskar da na kalla sai in ga ɗigo-ɗigo a kanta. Sauran matan kuwa sun san dabarar rayuwa: in wakilin sito yana kusa hannu ya yi sauri, in ya ba da baya baki ya karɓi aikin. Shugabarsu a wannan fanni ita ce Hajja Sittana, wadda harshenta ya fi injin tankaɗe gudu, kuma bai taɓa tsayawa don an ɗauke wuta ba.

Habboba ce kaɗai ta fita daban, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ita ce farkon zuwa. Ta share wurinta, ta zauna a 'yar kujerarta, ta yi bismilla, daga nan sai ka ga yatsunta suna sauka suna tashi kamar bakin kaza, leɓenta yana motsi ba sauti. Ko wakili na nan ko ba ya nan, duk ɗaya ne a wurinta. Kuma tana murmushi! Mutum ya zauna cikin zafi yana tsintar dutse yana murmushi kamar an aiko masa da kujerar Makka. Kowa a bayansa yake wurgar da tsakuwarsa, ita kuwa a wani tsohon gwangwanin tumatir take sakawa, in an tashi ta rufe shi da tsumma ta ɓoye cikin tobinta, dogon mayafin nan da matan aure suke naɗawa. Wata rana na lura da inda take kai shi. Kun san ƙofar gidanmu, inda mai jakin ruwa yake tsayawa gangarsa tana yoyo, rani da damina wurin a jiƙe. Kun kuma san baƙar lakar Gadarif, wadda in ta kama takalminka sai dai ka yi masa addu'a ka wuce. To a tsakiyar wannan laka akwai wuri mai tauri, taku uku, wanda tun ina rarrafe nake bi ta kansa ina zaton haka Allah ya halicce shi. Nan na ga Habboba ta duba hagu da dama, ta juye gwangwaninta, ta take da ƙafa.

"Habboba, wannan kuma wane irin asiri ne?"

"Asirin uwarki. Matsa mini in wuce."

Kwana huɗu na yi ina bin ta. Tana alwala ina tambaya, tana tuya kisra, wainar nan tamu ta dawa mai faɗi, ina tambaya. A na biyar ta ga in ba ta faɗa ba zan kai ta kabari, sai ta jawo ni gindin dogonyaron tsakar gida.

"Zauna, ya bitti, 'yata. Kin taɓa tauna dutse a cikin alewa?"

"Na taɓa. Har taurari na gani da rana tsaka."

"To kowace tsakuwa da na cire, haƙorin wani na tsare. Ban san shi ba, bai san ni ba. Wataƙila yaro ne, wataƙila tsohuwa ce irina mai haƙori uku. In na ɗauke ta sai in yi wa Annabi salati ɗaya, in ce Allah ka sa wanda zai ci wannan ya ci lafiya. Shi ke nan asirin."

"Nawa kike yi a rana?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Wanda nake yi dominSa Ya iya lissafi."

Na tambaye ta dalilin zubawa a ƙofa. Ta ce dutse dai dutse ne, salatin ya riga ya tafi inda za shi, amma tun da ta ɗauke shi daga inda zai cuci mutum, gara ta kai shi inda zai yi amfani. Ta tuna mini da Baba Garba maƙwabcinmu, wanda idonsa ya yi rauni, ta nan yake bi zuwa masallaci, in ya ji ƙasa ta yi tauri a ƙafarsa ya san ya iso ƙofarmu, sai ya saki jiki. Sannan ta kama kunnena, ba da wasa ba.

"Ko uwarki ba ta san wannan ba. Tsakanina da Ubangijina ne. In kika kai shi waje, kin yaye mini tobi a tsakiyar kasuwa."

Na rantse da abubuwa da yawa, har da waɗanda ba a rantsuwa da su. Na riƙe amanar kwana tara cur, kuma ina so a rubuta wannan a cikin alherina, domin ban taɓa riƙe wata magana ta wuce sallar magariba ba.

Abin da ya karya ni shi ne Ustaz Siddik. Ɗan 'yar'uwar mai siton ne, ya dawo daga Khartum da jakar kwamfuta wadda babu kwamfuta a ciki, aka ba shi wakilcin rakubarmu. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Yana salla, yana gaida tsofaffi. Ciwonsa ɗaya: ya taɓa yin wani kwas a kan yadda ake sa ma'aikata himma, kuma kwas ɗin ya ƙi fita daga jikinsa. Kullum da safe sai ya tsaya a gabanmu ya yi huɗuba.

"Ya jama'a, ma'aikacin da zuciyarsa ba ta cikin aikinsa, gangar jikinsa ce kawai ta zo."

"To ya Ustaz," in ji Hajja Sittana, "gangar jikin ma da ƙyar ta samu raksha mai ƙafa uku ta kawo ta."

Kowane buhu yana da alamar wadda ta tsince shi, kuma ba a jima ba ya gano cewa buhunan Habboba ne kaɗai ba a taɓa dawo da su da ƙorafi ba. Ya tambaye ta sirrinta, ta ce masa, "Ido ne, ya waladi, ɗana, da zama." Bai gamsu ba. Ranar nan da azahar ya kira ni bakin ofishinsa, ya ajiye kwalbar lemo a kan tebur, tana gumi. Ina roƙonku ku tuna zafin Gadarif kafin ku yanke mini hukunci. Rana ce wadda ko jaki in ka kira shi inuwa da lemo, zai tona asirin kakarsa. Na sha kurɓi ɗaya, bakina ya buɗe. Da iyakar abin da Habboba ta faɗa mini na tsaya, da da sauƙi. Amma kun san ni. Na ce salati dubu goma take yi a rana. Na ce tsakuwar da kanta take tsalle ta faɗa yatsunta. Shi kuwa yana ta rubutu, idonsa na ƙyalli kamar ya tsinci zinariya.

Ranar Lahadi ya iso da kwali cike da gwangwanayen tumatir, da ɗan mizani irin na masu sayar da yaji, da allo. Ya raba wa kowa gwangwani. Ya ce daga yau kowace tsakuwa da salatinta, a bayyane, yadda zai ji. Da la'asar za a auna gwangwanin kowa a rubuta a allo. Wadda ta fi a mako, sunanta ya hau sama. Wadda ta fi a wata, ga tobi sabo, kore, mai bakin azurfa, ya ɗaga shi sama cikin leda. Sannan ya yi abin da ya sa na so lakar Gadarif ta haɗiye ni. Ya nuna Habboba da hannu, ya ce mu yi koyi da Hajja Amna, ya zazzage komai a gaban mata ashirin: salatin, addu'ar wanda zai ci, har da dubu goman da na ƙirƙira. Mata suka yi ta Masha Allahu. Habboba ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla.

Ranar nan rakuba ta zama abin da ba zan iya kwatantawa ba. Mata ashirin suna salati da ƙarfi kowace tana son ta danne 'yar'uwarta, kamar ana rabon gado. Hajja Sittana rabi salati rabi gulma, ba ka sanin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Leɓen Habboba kuwa, karo na farko tun da na san ta, a rufe yake. Da la'asar Ustaz ya zo da kansa ya ɗauki tsohon gwangwaninta, ya ɗora a mizani, ya karanta nauyin da ƙarfi, ya ce a duba a ga abin da ikhlasi yake haifarwa.

"Ba ni gwangwanina, ya waladi," in ji Habboba.

Muka kama hanyar gida, tana gaba ina baya. Muka wuce masu shayi, muka wuce masu gawayi. Sai da muka kusa ƙofa ta yi magana, ba ta ko waiwayo ba.

"Lemon dai ya yi sanyi, ko?"

Ba ta juye gwangwanin a ƙofa ba ranar. Washegari kuma ba ta tashi zuwa aiki ba. Ta shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro ta zauna, hannuwanta biyu a kan cinya kamar na aro. Kwana ɗaya, mako ɗaya, mako biyu. Matar da ba ta taɓa cewa wash ba ta fara kukan gwiwa. Abinci ta ci loma uku ta ture. Tana sallolinta biyar, amma tsakaninsu leɓen nan shiru. Na ji Inna tana lallashinta ta ɗauki carbi mana, tun da ga lokaci. Habboba ta ce ta gwada, hannunta ne ya iya abin, in babu faifai a cinya sai ta rasa inda za ta sa kanta. Inna ta juyo kaina.

"Ke, me kika yi wa tsohuwar nan? Kullum tsufa take ƙarawa a idona."

"Ni? Ni da nake fita neman halal tun safe?"

A nan ya kamata in tuba. Na sani, ba sai kun faɗa mini ba. Amma koren tobin nan yana rataye a ƙusa a ofishin Ustaz, kullum sai na gaishe shi da ido. Ban ma isa ɗaura tobi ba sai na yi aure, duk da haka na riga na ga kaina a ciki ina taku ɗai-ɗai, 'yan matan unguwa suna suma a gefen hanya. Na ce wa zuciyata in na ci tobin, Habboba zan ba, ta huce ta koma aiki. Ƙarya nake, kuma zuciyar tawa ta sani.

Kafin kwana uku gwangwanayen mata suka fara nauyi irin wanda ko riɗin duniya aka tara ba zai ba da shi ba. Daga gefen titi ake ɗebowa a ƙulle a bakin zane. Sai dai Ustaz ba wawa ba ne ta ko'ina. Ya gano tsakuwar riɗi ƙarama ce, baƙa, sumul, tana ɗan ƙamshin mai, ta titi kuwa garas-garas ce. Ya fara zubawa a tafin hannu yana shinshinawa, ya kama mutum biyu. A nan ne basirata, wadda da a makaranta na yi amfani da ita da yanzu likita ce ni, ta tuna mini cewa a duk faɗin Gadarif wuri ɗaya ne ake da tsakuwar riɗi ta gaske, tsintar hannu, ta shekara da shekaru, a zube ba mai gadi. Na ce wa Inna daga yau ni zan riƙa share ƙofar gida. Har ta yi hamdala, ta ce yarinya ta fara hankali. Kowace safiya in tsugunna da tsintsiya, in ƙwaƙulo tafi biyu, in rufe ramin da ƙura, in wanke su, in shafa musu ɗigon man riɗi. Ustaz ya shinshina ya lumshe ido. Mako uku a jere sunana ne a saman allo. Tsintar gaske kuwa, wa yake da lokacinta? Kowa hankalinsa na kan gwangwani, ba ya kan faifai. Buhuna suka fara dawowa daga masu alewa kamar an yi musu kiranye. Ustaz ya rasa gane kan abin: tsakuwa na fita fiye da kullum, ƙorafi na shigowa fiye da kullum. Maganin da ya samo shi ne ya ƙara tsawon huɗuba.

Sai wata Juma'a. Mai jakin ruwa ya zo da hantsi, gangarsa ta yi yoyon da ta saba. Da aka kira salla Baba Garba ya fito cikin farar jallabiya, da rawani, da sandarsa. Ina tsaye a zaure na gan shi yana lalube a hankali har ya iso ƙofarmu, ya ji taurin da ya sani a taku na farko, ya saki jiki. Taku na biyu babu komai sai ƙura a kan laka. Ƙafa ta tafi gabas, sanda ta tafi yamma, rawani ya gangara, da ba a tare shi ba da sai Gallabat, bakin iyakar Habasha. Baba Garba ya zauna daɓas a tsakiyar taɓo. Na so in yi dariya, wallahi na so, amma na ga yadda yake shafa ƙasa da tafin hannu yana neman abin da ya sani a wurin. Habboba ta fito da gwiwarta mai ciwo, ta kama shi ta tayar.

"Amna," ya ce, "ƙasar ƙofarku ta ci amanata. Tun da idona ya tafi ba ta taɓa yi mini haka ba."

Bai karye ba, wuyan hannunsa ne ya gurɗe, amma Juma'ar ta wuce shi, shi da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi ita ba. Da aka kai shi gida Habboba ta dawo ta tsaya a kan ramin. Ruwa ya wanke ƙurar da nake rufewa da ita, ga sawun yatsu huɗu nan a jere, raɗau, kamar na sa hannu a takarda. Ta dubi ramin, ta dubi hannuna. Na shirya wa duka, har na zaɓi gefen da zan miƙa. Ba ta dake ni ba. Ta aika aka karɓo jallabiyar, ta zauna tana wankewa da kanta. Na matsa zan kama mata.

"Bar shi, gwarzuwar mako, kada hannun himma ya lalace." Ta murza, ta murza, sannan ta ce, "Na farko kin kai shi kasuwa. Na biyu kin kwashe shi da hannu. Saura me, ya bitti? In akwai abin da ya rage ki faɗa mini in miƙo miki, kada ki wahala."

Da ta dake ni da na fi jin daɗi.

Ranar Alhamis ce ƙarshen wata. Ustaz ya sa aka kawo shayi da zalabiya, irin fanken nan mai sukari, ya tara mu, ya kira sunana, ya ɗora mini tobin a hannu. Ku ba ku taɓa shi ba, ni na taɓa: laushi kamar kunnen ɗan akuya. Ya ce in tsaya in gaya wa iyayena mata yadda salati ya mayar da ni ma'aikaciya. Ina da jawabi a shirye, har da wurin da zan yi hawaye. Na buɗe baki, idona ya faɗa kan wurin Habboba. 'Yar kujerarta tana nan inda ta bar ta, kusan wata guda ba a share ba, kaji sun yi abin da suka ga dama a kai.

"Ya Ustaz," na ce, "tsakuwar nan tawa, tun kafin a haife ni aka yi mata salati."

"Ban gane ba, ya Batul."

"Daga ƙofar gidanmu nake haƙowa. Ta Habboba ce. Ni tun da ka kawo mizanin nan ban tsinci abin da zai cika cokali ba. Man riɗi nake shafa mata, shi kake shinshinawa."

Wadda ta fara magana, ai kun sani.

"La'ilaha illallahu! Yaran zamani ba tsoron Allah!"

"Hajja Sittana, in faɗi bayan garejin da ake ɗebo taki?"

"Rufe mini baki, mara kunya, ni sa'ar uwarki ce?"

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, wata ta bi, rakuba ta rushe. Ustaz ya tambaya ko akwai wadda gwangwaninta na gaskiya ne. Nan take kowace ta ga wani abin sha'awa a cikin faifanta. Ya zauna a kan buhu, ya cire tabarau, ya ce shi fa alheri ya nufa. Hajja Sittana, wadda ba ta taɓa barin wani ya yi maganar ƙarshe ba, ta ce masa, "Mun sani, ya waladi. Amma ka rataye wa mutum tobi a gaba ka ce ya kalli Allah, ai tobin zai kalla." Sai ya miƙo hannu ya karɓe tobin daga wurina, ya ce kawunsa zai tambayi dalilin dawowar buhuna, dole wani ya tafi, kuma ni ce na faɗa da bakina. Mata goma sha tara sun yi abin da na yi, ni kaɗai na yi gaskiya, ni kaɗai aka kora. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a rayuwa, ko da yake ban san ta yaya ba.

Na ce to a ba ni tsakuwata. Ashe duk abin da aka auna yana tarawa a buhu bayan ofis, don ya nuna wa kawunsa. Na ɗora rabin buhun dutse a ka, na ratsa kasuwar amfanin gona da rana tsaka, wuyana yana shigewa cikin ƙirjina. Masu dako suna tsayawa suna kallo. Wani mai baki ya ɗaga murya daga kan mota ya ce, "Ke yarinya, me kika sato?" Ni kuma raina a ɓace, na ce, "Tsakuwa!" To kun ji inda sunan ya fito. Da bakina na raɗa wa kaina, a gaban mutum ɗari, kuma kafin in iso gida ya riga ni isowa.

Na juye buhun a ramin, na ɗauko taɓarya na yi ta dakawa har tafin hannuna ya yi kanta. Habboba ta fito ta tsaya a zaure tana kallo. Na jira ta ce Allah ya yi miki albarka, ko ta rungume ni mu yi kuka kamar mutanen kirki.

"Gefen hagu bai cika ba," ta ce, ta koma ciki.

Duk da haka ba ta koma aiki ba. Sai bayan kwana biyu Ustaz Siddik ya yi sallama da hantsi, babu jakar kwamfuta. Inna ta dafa masa jabana, gahawar nan tamu, ya zauna a ƙasa-ƙasa gaban tabarmar Habboba, ya nemi gafara, ya ce rakuba ba ta zaunu babu ita. Ni ina bayan randa, ina aikin da ya kama a yi a bayan randa. Habboba ta bar shi ya gama, ya sake farawa, ya sake gamawa.

"Mizanin nan ya koma wurin masu yaji," ta ce.

"Ya koma, ya Hajja."

"Allon a hura wutar shayi da shi. Kuma in ka ga bakina yana motsi, ka kalli wani wuri. Ba da kai nake ba."

"Na ji. Batul fa? In kin ce ta dawo, sai in roƙi kawu."

Na ƙara kasa kunne a bayan randa.

"Batul ta huta," in ji kakata, jinina, wadda na ɗauko wa rabin buhun dutse a ka. "Ta yi himma da yawa."

Tobin kuwa, don kada ya lalace a leda, aka ba Hajja Sittana, wai don ta fi kowa daɗewa bayan Habboba. Ranar kowace Juma'a sai ta bi ta ƙofar gidanmu da shi, a kan tsakuwar da na daka, ta ce in gaida Inna.

Washegari Habboba ta riga kowa tashi. Gwiwar nan da ta hana mu sakat, ba a sake jin labarinta ba. Da la'asar ta dawo tana faɗa da mai raksha, ta cinye kisra biyu ta nemi ƙari. Amma tsohon gwangwanin ba ta sake ɗaukarsa ba, yana nan Nafisa tana wasan girki da shi ba ta san ko mene ne ba. Ƙofar gida ma ba ta sake zuba ko ƙwaya ɗaya ba, tun da duk unguwa ta san labarin wurin. Shi ya sa kuke ganina tun farkon damina da kwano ina ɗebo tsakuwa daga rafi ina cikawa, ba don ina sha'awar dutse ba. Baba Garba har yanzu sai ya dungura wurin da sanda sau biyu kafin ya taka, kuma duk dungurin a ƙirjina nake jin sa.

Sai dai na lura, in ta dawo daga aiki, bakin tobinta yana da ɗan ƙulli mai nauyi, kuma ba ta hanyar da muka saba take biyowa ba. Na bi ta, mana. Kun san ni. Na laɓe, na ga inda ta tsaya, na ga ta duba hagu da dama ta kwance ƙullin. Da ta juyo muka haɗa ido. Ba ta kama kunnena ba, ba ta sa ni rantsuwa ba, ta dai wuce ni ta ce in zo in riƙe mata faifai.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Usmanu, na ga kwalbar lemon da ka ajiye mini jiya a bakin taga kana wani kallon sama. Na sha, ta yi sanyi, na gode. Ba zan faɗa ba.